Lahadi a Brick Lane

Ƙafafuna ciwo suke, amma bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Wajen sha ɗaya na fito daga tashar jirgin ƙasa ta Aldgate East, a gabashin Landan. A babban titin Whitechapel kowa sauri yake kamar an biyo shi, ba mai kallon wani. Ina karya kwana na shiga Brick Lane sai na ga tafiyata ta ragu da kanta. Layin siriri ne, mota ɗaya ke iya bi, ita ma sai ta lallaɓa don mutane sun cika hanya. Shaguna ƙanana, ƙofa manne da ƙofa. Dole ka ji ƙamshin miyar kori, dole ka gogi kafaɗar wani. Wani matashi ya tare ni a bakin gidan abinci, "Shigo ɗan'uwa, zan yi maka ragi," sai ka ce ɗan kamasho a tasha. Allon sunan layin ma da Turanci ne da rubutun Bangali, don yawancin masu gidajen abincin nan asalinsu Silet ne ta Bangaladash.

A masallacin kwanar Fournier Street na yi azahar, kuma nan na fi daɗewa. A 1743 Furotestan ɗin da suka gudo daga Faransa suka gina shi coci. Masaƙan siliki ne, har yanzu ana ganin faffaɗan tagogi a saman gidajensu, inda suke kafa masaƙa don samun haske. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan gabashin Turai suka mai da shi wurin ibadarsu, a 1976 ya zama masallaci. Bango ɗaya, ƙofa ɗaya. Ina ɗaura takalmi ina tunanin ƙafafu nawa suka taka dokin ƙofar nan. A can sama akwai agogon rana, mai nuna lokaci da inuwa, da rubutun Latin, ma'anarsa wai mu inuwa ne.

A ganina ƙanƙantar shagunan ce ta riƙe baƙi, mai ɗan jari ya kama ɗaya, iyali su kwana a sama. Yanzu kam arewacin layin ya koma na kantunan gwanjo masu tsada da gidajen kofi, ban ga inda sabon zuwa zai samu kuɗin haya ba.

Na bi dogon layi na sayi burodin Yahudawa mai rami a tsakiya, da cuku. Ruwa ya kama ni kafin in kai tasha, lemar kuwa tana gida.