Na leƙa Ogidi, garin Chinua Achebe

Kayan gyaran mota yayana ya aike ni in sayo a kasuwar Nkpor, sai da muka gama lodi nake jin ashe Ogidi ga ta nan a maƙale da Nkpor ɗin, duk cikin Idemili ta Arewa a jihar Anambra. Ai kuwa na ce wallahi ba zan koma Kano ban ga garin mutumin da ya sa muka sha bulala a sakandare kan Things Fall Apart ba.

Hanyar zuwa ba abin faɗi sai shingaye. Bayan mun tsallake gadar Neja mun sauka Upper Iweka a Anaca wani mai karɓar haraji ya riƙe min jaka yana daka min tsawa wai in biya kuɗin sauke kaya, ko rasit babu, ko sannu babu. Na biya don a zauna lafiya. Mutanen nan komai da ƙarfi suke yinsa, ko ciniki kamar faɗa, amma fa in ka dake suna sauka. Wani mai littattafai ya ce min 5,000 kan Arrow of God, na taya 1,500, ya yi kamar zai cinye ni, ina juyawa ya kira ni muka ƙare a 2,000. Takardar kamar ta ƙunshin ƙosai, ko ba a faɗa ba ka san bugun sata ne.

Ogidi kam ta ba ni mamaki, na zaci zan ga ƙauyen su Okonkwo, jarumin Things Fall Apart, sai ga benaye da shagunan kayan gini da cunkoson keke. Na fara zuwa cocin St. Philip inda aka yi wa Achebe addu'ar jana'iza a watan Mayun 2013, bayan ya rasu a Boston ta Amurka ranar 21 ga Maris. Kabarin yana cikin gidansu ne, gida kuwa na iyali ne ba gidan tarihi ba, don haka daga waje na tsaya.

A nan wani dattijo ya ga hulata ya ce "Malam, sannu da zuwa, daga ina?" da Hausa tas! Tsohon malamin makaranta ne, ya yi zaman Sabon Garin Kano. Ya ja ni gidansa ya kawo goro irin nasu mai ɓari uku ko huɗu, ba irin namu mai biyu ba, kuma sai da ya yi doguwar addu'a da Ibo kafin ya fasa. Mu da muke jefa shi a baki muna tafe, sai na ji kunya ta kama ni.

Na ce "Baba, mu dai labari kawai muka san shi da shi." Ya yi dariya, ya ɗauko min Beware, Soul Brother, waƙoƙin da Achebe ya rubuta da zafin yaƙin Biyafara, a 1971 aka buga. Ya ce kuma in tuna laccar 1975 a Amurka, inda Achebe ya tsaya gaban Turawa ya ce marubuci Joseph Conrad mai wariyar launin fata ne saboda yadda ya zana 'yan Afirka a littafinsa Heart of Darkness. Ni a ganina wannan ɓangaren nasa na nazari ya fi nuna ko shi waye, mutum ne da ba ya tauna magana. Shi ya sa sau biyu ya ƙi karɓar lambar girma ta ƙasa, 2004 lokacin Obasanjo da 2011 lokacin Jonathan.

Inda hira ta yi daɗi shi ne kan Malam Aminu Kano. Achebe ɗan PRP ne fa, har muƙami ya riƙe a shugabancinta na ƙasa, kuma a The Trouble with Nigeria na 1983, inda ya ɗora matsalarmu kacokan kan shugabanni, Malam na cikin 'yan kaɗan da ya yaba wa. Na ce "To Baba, amma There Was a Country na 2012 bai yi wa da yawanmu 'yan Arewa daɗi ba." Ya ce wanda aka kashe wa aboki irin Christopher Okigbo a bakin daga ba zai rubuta yaƙin yadda nake so ba. Ban yarda da shi duka ba, shi ma bai yarda da ni ba, duk da haka sai da matarsa ta cika ni da shinkafa, ya kuma hana ni biyan kuɗin keke.

A lokacin, ranar Litinin ba a fita a can saboda umarnin zaman gida na masu fafutukar Biyafara, shaguna a rufe, na wuni a masauki ina karatu. Talata muka kamo hanya. A Lokoja kifin ya yi tsada ba gaira ba dalili, ruwa kawai na saya.