Yadda na koyi tsara tafiya tsakanin tsibiran Zanzibar

Lokacin da aka ba ni aikin tsara wa wani ayari yawon tsibiran Zanzibar a kamfanin tafiye-tafiyen da nake aiki, sai na ɗauki taswira na auna nisa, na rarraba kwanaki kamar yadda na saba tsara tafiyar mota. Na tashi a inda babu teku, saboda haka ban san cewa a gaɓar Tekun Indiya ruwa yana cikowa yana kuma janyewa sau biyu a kowace rana ba, kuma lokacinsa yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum.

A kan Nakupenda na fara gane kuskurena. Farin tudun yashi ne a cikin teku kusa da Stone Town, tsohon garin Zanzibar, tudun da yake fitowa idan ruwa ya janye, ya kuma nutse idan ya ciko, ni kuwa na rubuta cewa a kansa za a ci abincin rana. Dattijon da yake tuƙa jirgin, wanda mutanen can suke kira nahodha, ya riƙe takardar da yatsunsa da igiya ta sa musu kanta, sannan ya sa tafinta ya tambaye ni ko nawa ga wata za mu fita. Na faɗi kwanan watan Bature, ya girgiza kai, domin watan Musulunci yake nufi. Ya bayyana mini cewa ruwa ya fi cikowa da janyewa a tsayuwar wata da tsakiyarsa, har bambancin yakan kai kusan mita 4, kuma a ranar da na zaɓa ruwa zai cinye yashin tun ba mu naɗe tabarma ba. Tun daga ranar nake fara duba jadawalin cikowar ruwa kafin in rubuta ko da awa ɗaya.

Agogo ma ya kusa raba mu. Masu jin Suwahili suna fara ƙirga awanni daga fitowar rana, don haka "saa mbili", wato ƙarfe 2 a lissafinsu, shi ne ƙarfe 8 na safe a namu. Yanzu nakan rubuta lissafin biyu a gefen juna.

Shawarar da ta fi yi mini nauyi ita ce cire tsibirin Pemba daga tafiyar ƙaramin jirgi, alhali matafiyan sun ƙwallafa rai a kanta. Iskar kaskazi tana kaɗawa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, iskar kusi kuma daga kudu maso gabas a tsakiyar shekara, ita ce kuma ta fi tayar da igiyar ruwa. Mashigin da ke tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da Pemba ba wurin gwaji ba ne. A can jirgin Spice Islander ya nutse a watan Satumba na 2011 saboda lodi ya yi masa yawa, rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta. Na gaya wa ayarin cewa wanda yake son Pemba ya bi babban jirgin fasinja ko jirgin sama, kuma kafin kowace fita ni da kaina nake ƙirga rigunan kariya ina gwada ɗaurinsu, har da na yara.

Ba kowane tsibiri ake sauka a kansa don an gan shi a taswira ba. Tumbatu sai da izinin shugabannin garin, Chumbe wurin kiyaye murjani ne da ake ƙayyade yawan baƙinsa, Mnemba kuwa sai dai a yi iyo a kewayensa.

Na bar yini guda babu komai a cikin jadawalin bisa shawarar dattijon, ko da yake ina ganin kamar asara ce. A rana ta uku iska ta tashi, ya ƙi fita, sai daga baya muka yi amfani da yinin da na bari muka je tsibirin Changuu, inda matafiyan suka daɗe a tsaye a gaban manyan kunkuran da aka kawo daga Seychelles a 1919.