Ciwon agara da na'urar bugun sauti

'Yan'uwa masu buga ƙwallo da masu yini a tsaye, ku daina raina ciwon bayan diddige. Na daɗe ina fama da agarar ƙafata ta dama, da safe in na sauko daga gado kamar na taka ƙaya. Likitan fisiyo, mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya bayyana mini cewa agara, wato jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, ba ta samun jini sosai, shi ya sa warkewarta ke da nawa.

Ya sa mini wata na'ura da ke harba bugun sauti mai ƙarfi cikin jijiyar. Akwai zafi, ba zan ɓoye ba, amma na mintuna ne. Da irin wannan bugun aka fara fasa tsakuwar ƙoda a birnin Munich na Jamus a 1980, daga baya aka gwada shi a jijiyoyi. Bincike ya fi nuna amfaninsa a kafaɗar da sinadarin kalsiyam ya taru a jijiyarta. A ciwon gwiwar hannu kuwa sakamakon ya sha bamban. Ni dai a ƙafata, a ganina atisayen da nake yi na sauke diddige a hankali daga bakin matakala, kullum, shi ya yi rabin aikin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali: maganin Cipro da muke saye a kemis don taifot yana iya raunana agara har ta tsinke. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kansa. Don Allah ku tambayi likita kafin ku sha.