Wuta-wuta da danginta cima-zaune

Satin da ya wuce na raka Baffa gona can wajen Kware. Hatsi ya tsugune kamar an danne shi, ganye duk ya ƙone, amma tsakanin kunyoyi wuta-wuta ta yi fure abinta, ruwan hoda gwanin kyau. Baffa na tumɓuke ta yana tsaki. Na ce Baffa ai ganyenta kore ne, ita ma tana dafa nata abinci da hasken rana. Ya dube ni ya ce, in tana da tukunya, mi ya kai ta tukunyar wani?

Wallahi tambayar ta biyo ni har gida.

Cikin kowane koren ganye akwai wasu ƙananan abubuwa da ake ce ma kuloroflas, su ne madafin tsiro, kuma suna da nasu DNA daban, wato rubutun gadon halitta. A tsiro na gari haruffan wannan DNA sukan kai 150,000, da ƙwayoyin gado ɗari da 'yan kai, na taba sigari ma tun 1986 aka karance shi kaf. To in tsiro ya koyi zama kan saiwar wani, sai madafin ya fara lalacewa, gado na zubewa ɗaya bayan ɗaya tunda ko ya lalace babu asara, abinci na zuwa daga maƙwabci. Wuta-wuta rabin hanya take, har yanzu tana ɗan hura wutarta. Amma tana da ɗan uwa a Amurka, Epifagus, dangi guda suke, shi ko kore babu a jikinshi, a 1992 aka ga DNA ɗin madafinshi ya koma haruffa kamar 70,000, ƙwayoyin gado 42 kacal. Rafflesia kuwa, wata cima-zaunen tsiro wadda danginta ke da fure mafi girma a duniya mai warin ruɓaɓɓen nama, a 2014 masu bincike sunka nemi DNA ɗin madafin wata irinta ta Filifin, ba su same shi ba sam.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma tana ɗauke da guntun tsohon madafi irin wannan, haruffa kusan 35,000. Ba ta girki da shi amma in babu shi ba ta rayuwa.

Wayon wuta-wuta yana ga iri. Ƙanana ne kamar ƙura, dubbai daga tsiro guda, sai su kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su tsira sai sun ji sinadarin da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa. Saiwar auduga ma tana fitar da irinshi, su tsiro su rasa abin kamawa su mutu. Na faɗa ma Baffa haka, ya ce to auduga za mu tuƙa tuwo da ita? Ya ci gaba da tara wadda ya tumɓuke gefen gona, zai cinna mata wuta kafin ta zubda iri.