Sirinji mai jan murfi

Wake muzuru ne baƙi da fari. Tsohuwata ce ta taho da shi daga Tawa cikin kwando, shekarar da ta dawo zama wurinmu a unguwar Wadata, nan Yamai. Bayan rasuwarta bai daina kwana bakin ƙofar ɗakinta ba. Shi ya sa da ya fara lalacewa ban iya kawar da kai ba.

Da ruwa abin ya faro. Mussa ba ta cika shan ruwa ba, amma sai na riƙa tarar da shi gindin randa yana lasar jikinta, kwanonsa kuma ya ƙafe tun kafin azahar. Na ɗora wa zafin Afrilu laifi. Sai fitsari ya yawaita, har tururuwa ke taruwa inda ya yi. Ga ci kamar gara, ga ƙashin baya yana fitowa. Daga kilo 6 da rabi ya sauko ƙasa da 5. Ranar da na ga ƙafafunsa na baya sun saki, yana taka ƙasa da dugadugai kamar zomo, ranar na sa shi a kwali muka tafi wurin likitan dabbobi.

Awon farko na sugan jininsa ya nuna 420, wato giram 4 da ɗoriya a litar jini, alhali lafiyayyar mussa ba ta cika wuce 120 ko kusa da haka ba. Likitan bai yanke hukunci nan take ba. Ya ce tsoro kaɗai yana iya ɗaga sugan mussa, sai da ya duba fitsari, ya sake awo bayan kwana biyu. Sannan ya ce, "Hajiya, ciwon suga ne, irin na manya masu ƙiba. Namijin da aka fiɗiye, ya yi ƙiba, ya manyanta, shi ya fi kamuwa." Duk ukun Wake ya haɗa. Mu kuma shekara da shekaru tuwo muke ba shi da shinkafa, wani lokaci har fura, don abin da ke cikin tukunya ke nan.

Ƙanena da ya ji labarin za a riƙa yi masa allurar insulin, maganin da ke saukar da suga, ya ce, "Yaya, ga mutane na neman insulin ba su samu ba, ke za ki tsira wa mussa?" Maganar ta zauna mini a rai, domin tsohuwarmu ma da ciwon suga ta yi fama, na san abin da kuɗin magani ke yi wa gida. Na kwana ina juya ta. Amma tun muna makarantar allo muke jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ke ƙarƙashin rufinka amana ce. Na rage wasu abubuwa cikin kuɗin sana'ata, na fara.

Tsira allurar ita ce mafi sauƙi cikin aikin duka. Ka kama fatar gefen jiki ka ɗaga ta kamar ƴar rumfa, ka shigar da allura ƙarƙashin fatar, ka danna. Tsinin siriri ne, gajere. In kansa na cikin kwanon abinci ko waiwayowa ba ya yi. Sau biyu a rana, awa 12 tsakani, ni na tsayar da bakwai na safe da bakwai na yamma, yau dama gobe hagu. A makon farko sau biyu tsinin ya huda ya fita ta ɗaya gefen, na taɓa gashi na ji danshi. Likita ya riga ya ja mini kunne: ko kina shakkar maganin bai shiga ba, kada ki ƙara, ki jira lokaci na gaba. Suga ya yi sama na wuni ɗaya ba ya kisa, amma in ya faɗi ƙasa yana iya kashewa cikin dare ɗaya.

Da Caninsulin muka soma, na dabbobi, fari kamar tsinkakken nono. Kowane mililita nasa inite 40 ne (inite shi ne ma'aunin insulin), sirinjinsa mai jan murfi, an rubuta U-40 a jiki. Da ya ƙare ba mu samu wani da wuri ba, sai likita ya mayar da mu kan Lantus, na mutane, wanda ake samu a farmasi. Shi garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, kuma inite 100 ne a mililita. Sirinjinsa U-100, murfi ruwan lemo. Likita ya ce in zubar da tsofaffin. Sun rage guda goma sha wani abu, sababbi fil cikin leda, na ji ba zan iya zubarwa ba, na tura su cikin aljihun tebur.

Wata Alhamis gaisuwar rasuwa ta riƙe ni a Harobanda, ƙetaren kogi, har magariba. Na kira ɗiyata a salula na ce ta yi masa, inite biyu, ta sha ganin ina yi. Wajen sha ɗaya na dare na ji kukan da ban taɓa jin ya yi ba. Na same shi tsakar gida yana tangaɗi, idanu sun buɗe baƙi ƙirin, yana karo da bango, fatar bayansa na rawa. Hannuna na kyarma na auna sugansa: 38.

Na lakato zuma da yatsa na goga masa a dasashi. Ba a ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta ruwa ko abinci, shaƙewa za ta yi, dasashin kawai ake shafawa. Na kira likita, Allah ya saka masa, ya ɗauka. Tambayarsa ta farko ita ce, "Hajiya, da wane sirinji aka yi?" Ɗiyata ta ɗauko shi daga kwandon shara. Jan murfi.

Ga lissafin, ina roƙon duk mai irin wannan jinya ya riƙe shi. Layi na biyu a sirinjin U-40 yana ɗaukar ruwan da ya ninka na layi na biyu a U-100 sau biyu da rabi. In ka ja insulin mai ƙarfin 100 da shi har layi na biyu, inite biyar ka ja. In kuwa aka juya, insulin 40 cikin sirinjin 100, dabba za ta samu ƙasa da rabin abin da aka rubuta mata, kai kuma kana mamakin me ya hana suga sauka.

Yarinyar ta fashe da kuka tana cewa, "Mama, wallahi daidai kan biyu na ja." Na ce, "Na sani, ɗiyata. Ni na ajiye su inda hannu zai kai."

Lantus yana daɗewa a jiki, zuma kuwa ɗaga suga take na ɗan lokaci ya sake faɗuwa. Saboda haka ba mu runtsa ba. Da ya fara iya haɗiya muka riƙa ba shi nama kaɗan-kaɗan, muna awo duk awa, likita ya ce in ya fara farfaɗiya ko lambar ta ƙi tashi mu taho da shi a ɗaura masa ruwan suga ta jijiya. Sai da aka kira asuba ya haura 100 ya tsaya. Allurar safe ba a yi ba. Washegari kuma lambar ta wuce 400, zuciyata ta ce ƙara magani. Likita ya hana. Ya ce jiki ne ya firgita ya zubo sugan da hanta ta ajiye, in na ƙara insulin a kan wannan lambar, daren jiya zai dawo.

Tun daga nan ba na tsira allura sai na auna. A gefen kunne akwai siririyar jijiya, in ka haska da tocila za ka gan ta. Ina murza kunnen ya yi ɗumi, in soka, ɗigo ɗaya ya isa. Na'urar tsohuwata nake amfani da ita. Ta mutane ce, takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin sugan mussa, shi ya sa ba na canza ta da wata. Likita ya ba ni iyaka ta Wake: in kafin allura lambar ta gaza 150, ko ya ƙi cin abinci, in dakata in kira shi. In kuma amai ya haɗu da ƙin ci da kasala, wannan ya wuce jinyar gida. Ranar Lahadi ɗaya cikin biyu nakan auna shi duk awa biyu daga safe har yamma, in rubuta a kaye. Lambar da ta fi ƙasa cikin wunin ita likita ke dubawa kafin ya taɓa ma'auni, kuma in zai taɓa, rabin inite ne, sai a jira mako guda a gani.

Ajiya a garin nan wani aiki ne na daban. Insulin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ya daskare ya lalace, in ya sha zafi ƙarfinsa ya ragu ba tare da ido ya gani ba. A Afrilu da Mayu Yamai tana wuce 40, ga ɗaukewar wuta. In wutar ta tafi nakan sa shi cikin kula da ƙanƙara naɗe cikin tsumma, ba ta taɓa kwalbar. In ƙanƙara ta yi wuya, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa. Ba ta kai firigo ba, kuma da damina ba ta aiki kamar da rani, amma tana raba magani da zafin ɗaki.

Tuwo da shinkafa sun fita daga kwanonsa. Dafaffen kaza da zuciyarta, kifin kogi dafaffe, babu gishiri, babu albasa ko tafarnuwa domin suna lalata jinin mussa, kilishi ma saboda haka na hana yara ba shi. Likita ya ƙara masa wani gari na sinadaran da nama zalla ba ya bayarwa. Canjin abincin kaɗai ya sauko da lambobin, shi ma sai da awo muka bi shi.

Wata bakwai ke nan. Ya koma inite ɗaya safe da yamma, nauyinsa ya tsaya a kilo 5 da ɗan wani abu. Likita ya ce wasu mussoshin sukan kai inda za a daina musu allura gaba ɗaya in an kama ciwon da wuri, kuma kusantar wannan lokacin shi ne ya fi buƙatar awo, tunda ma'aunin jiya yana iya yi wa yau yawa. Na sayo sirinji ƙanana masu layin rabin inite, na liƙa takarda a ƙofar firigo inda duk wanda ya yi allura zai rubuta awa da sunansa. Shekaranjiya da hantsi na ga Wake bisa katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta, inda ya shekara bai hau ba.