Frankfurt biyu ce, ƙanena bai sani ba

Da sanyin safiya wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, murya cike da murna: "Yaya, na sauka lafiya, ga ni a Frankfurt. Wace mota zan hau zuwa makaranta?" Na ce ya karanto mini adireshin da ke takardarsa. Ya karanto, har da wata 'yar kalma a ƙarshe: Oder. Na ce, "Kai, nemi wuri ka zauna tukuna."

Laifina ne. Shekaruna a Berlin sun sa na ɗauka kowa ya san Frankfurt biyu ce a Jamus.

Inda ya sauka ita ce Frankfurt ta bakin kogin Main, a jihar Hessen, mai katafaren filin jirgin sama da Babban Bankin Turai. Wadda yake nema tana can gabas, a jihar Brandenburg, bakin kogin Oder, mutanenta ba su kai 60,000 ba. Tsakaninsu tafiyar awa biyar ce ko fiye a jirgin ƙasa, yawanci sai an canza a Berlin. Sunan kuwa ma'anarsa mashigin kabilar Franken, wato inda ruwa bai da zurfi, ake ƙetarewa. Kamar dai a ce maka Tudun Wada a yi shiru, sai ka tambaya: ta ina? Wani abin dariya, kalmar "oder" a Jamusanci tana kuma nufin "ko kuwa".

Na tare shi a Berlin da la'asar, ido ya yi zuru-zuru, yana jan akwati mai ƙamshin daddawa. Awa ɗaya ta kai mu Frankfurt ta bakin Oder.

Ni kam ƙaramar ta fi kwanta mini a rai. Jami'arsu, Viadrina, an kafa ta a 1506, aka ɗauke ta zuwa birnin Breslau (Wrocław na ƙasar Polan a yau) a 1811, sai 1991 aka sake buɗe ta. Washegari na ja shi muka taka gada da ƙafa, mintoci kaɗan sai ga mu a Słubice, ƙasar Polan. Kafin 1945 unguwa ce ta Frankfurt, Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da kogin iyaka. Ya tsaya tsakiyar gada yana kallon ruwa, ya ce, "Yaya, yanzu ƙasa biyu na taka kafin azahar?" A can muka yi masa aski, don ya fi araha.

Hajiya har yau tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana garin manyan bankuna. Ba wanda ya gyara mata a cikinmu.