Lissafin dokin Rano: yadda ƙuri'ar Gombe ta 2023 ta kunyata ni

Koyar da lissafi ne sana'ata, kuma ita ce ta ja mini. Da tela ne ni, ko mai awo a Tudun Hatsi, da Kawu bai ɗora mini wannan kaya ba. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, yana bin Buhari tun zamanin ANPP, ya bi shi CPC, ya biyo shi cikin APC mai tsintsiya. Wata ranar Juma'a cikin Janairun 2023, bayan an sauko daga masallaci, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai ne ejan ɗinmu a akwatin makarantar firamare. Sannan ka zauna ka buga mana, nawa za mu kawo a jihar nan? Ina so in san abin da zan faɗa wa manya."

Ban iya ce masa a'a ba. Gaskiya ma abin ya ɗan fasa mini kai.

Na samo littafi mai bango ja irin na ɗalibaina, na rubuta alƙaluman zaɓen shugaban ƙasa da kowa ya sani. A 2015 Buhari ya samu ƙuri'a 361,245 a Gombe, Jonathan 96,873. A 2019 Buhari ya ƙara sama zuwa 402,961, Atiku ya tsaya a 138,484. Na ce to, bari in yi wa kaina rowa: a ce mutum ɗaya cikin kowane huɗu da suka dangwala wa tsintsiya a 2019 ya yi fushi ya koma PDP mai lema. Duk da haka muna da kusan dubu 302, su kuma dubu 239. Ga gwamna namu, Inuwa Yahaya. Ga Kashim Shettima, ɗan Arewa maso Gabas, a matsayin mataimakin ɗan takararmu Tinubu. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar kamar yadda nake koya wa yara, na kai wa Kawu. Ya duba, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ilimi dai da daɗi."

Wadda ta fara gaya mini gaskiya kakata ce, Dada, amma ban ji ba. A lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Tun Oktoban 2022 Babban Banki ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗin kuwa ganinsu sai mai rabo. Dada tana da 'yan kuɗinta na adashe ƙulle a leda cikin kwalla. Ni na kai mata su banki, suka shiga asusuna, daga nan kuma suka maƙale. Kwana uku ina sammako in bi layi in dawo hannu rabbana. A rana ta ukun ta dube ni ta ce, "Kai miji, ka cinye mini dukiya ka dawo kana mini turanci. Wai a wannan zaɓen Buharin yana ciki?"

Na ce, "A'a Dada, ya gama wa'adinsa. Amma jam'iyyarsa tana nan, tsintsiya dai da kika sani."

Ta ce, "Ni tsintsiya ina da ita a bayan ƙofa."

Na yi dariya, na ɗauka wasan jika da kaka ne. Ban rubuta wannan a jan littafi ba, domin babu gurbin da zan sa shi. Haka ban rubuta mutumin ƙauyen da na gani a kasuwa zaune kan buhun masararsa har la'asar ba, ga masu saye amma babu tsabar kuɗi, shi kuma bai san wani abu wai shi taransifa ba. Ban rubuta layin mai ba. Ban rubuta 'yan Keke Napep da ke cewa "wannan karon namu za mu yi" ba, suna nufin Atiku, mutumin Adamawa da muke iyaka da ita. Duk waɗannan na gan su da idona, sai dai ba su zo mini da siffar lamba ba, ni kuma lamba kaɗai nake girmamawa.

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu na isa akwatinmu tun kafin rana ta yi zafi, da katin ejan rataye a wuya. Abin da na fara cin karo da shi shi ne ejan ɗin lema: tsohon ɗalibina ne, yaron da na sha kora waje saboda rashin yin aikin gida. Ya rusuna ya ce, "Malam, ina kwana. Yau kuma mu ne a aji ɗaya." Shi ya zo da tocila, da abin cajin waya, da biro biyu, da ƙullin ƙosai da biredi. Ni na zo da jan littafi. Kafin azahar cikina ya fara kiran ciroma, mai shayin bakin makaranta ya ce ba ya karɓar taransifa, ni kuma ko ficika babu a aljihuna. Ƙosan abokin hamayya na ci ranar. Duk wanda zai yi aikin ejan, ya fara da tanadin cikinsa da batirin wayarsa kafin ya yi tanadin baki.

Shugabar rumfar 'yar hidimar ƙasa ce daga kudu, ba ta jin Hausa sai "sannu" da "na gode", amma ta san aikinta. Na'urar BVAS ce ke tantance mutum, ko da yatsa ko da fuska. Tsofaffin da aikin gona da wanke-wanke suka cinye musu zanen yatsa, sai a ɗaga na'urar a ɗauki fuskarsu. Takardu uku ake ba kowa: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Kuma ga abin da na sani sarai amma ban taɓa tsayawa na auna nauyinsa ba: a takardar ƙuri'a babu sunan ɗan takara, babu hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai, har guda 18 a ta shugaban ƙasa. Shekara da shekaru mutanenmu suna neman tambarin da Buhari ke ciki su dangwala, ko masara ce, ko alƙalami, ko tsintsiya. Ni da nake ganin ƙuri'a dubu ɗari huɗu a ƙarƙashin tsintsiya, sai na ɗauka na tsintsiyar ne.

Layin mata ya fi na maza tsawo, kuma shiru ne da su. A 2019 na tuna yadda ake ta kiran "sak!" daga wannan layi zuwa wancan, wato daga sama har ƙasa jam'iyya ɗaya. A wannan karon ban ji kalmar ba ko sau ɗaya. Mace za ta karɓi takardunta, ta shiga bayan kwali, ta ɗan jima, ta fito ta jefa, ta gyara mayafi ta wuce ba ta kalli kowa ba. Dada ma ta zo, na riƙe mata hannu har bakin layi. Da ta fito na ce, "Dada, an yi abin kirki?" Ta nuna mini yatsanta mai tawada ta ce, "Tambayi wannan."

Ƙarfe biyu da rabi aka tsayar da layi, waɗanda ke ciki suka ƙarasa. Sai aka juye akwati a kan tabarma, jama'a suka yi da'ira. A nan ne aikin ejan yake, sauran duk zaman jira ne. Ana ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, a ajiye ta a tarin jam'iyyarta. Rigima ɗaya muka yi mai zafi, a kan takardun da aka naɗe tun tawada ba ta bushe ba, ta shafi wani gurbin. Na dage a soke wata da nake ganin ta lema ce ta ɓaci. Ɗalibina bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, in an soke wannan, to ga guda biyu can a tarinku masu irin wannan tabon." Na duba, gaskiyarsa. Na yi shiru. In za ka kafa doka a wurin ƙirga, fara leƙa naka tarin.

Tun kafin a fara ƙirgawa da baki na san an gama da mu, domin ido ma ya isa. Tarin lema yana ta tashi kamar ana tara dawa a masussuka, namu yana kwance. Jama'a suna bin malamar zaɓe da ƙirga cikin turanci, yara suna tsalle. Aka rubuta sakamako a takardar EC8A, da lamba da kuma kalmomi, na karanta sau biyu kafin in sa hannu, na karɓi kwafina, aka manna ɗaya a bango. Wayata ta riga ta mutu, don haka da wayar ɗalibina aka ɗauki hoton, ya turo mini daga baya. Muka raka akwati zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, bisa tsohuwar ƙa'idar nan ta a kasa, a tsare, a raka. A can na tarar da sauran ejan ɗinmu, kowa ya yi jugum da takarda a hannu. Na gane ba akwatina ne kaɗai ya yi ɓatan kai ba.

Da aka haɗa ƙananan hukumomi 11, Atiku ya tashi da 319,123, Tinubu 146,977, Peter Obi 26,160, Kwankwaso 10,520. Ka ɗora wannan a kan na 2019 ka gani: kamar an juya waina a tanda. Tsintsiya ta zubar da ƙuri'a sama da dubu 255 cikin shekara huɗu. Ni da na yi wa kaina "rowa" da mutum ɗaya cikin huɗu, ashe kusan biyu cikin uku ne suka tafi. Kuma ba duka suka koma lema ba, domin abin da Atiku ya ƙara bai wuce dubu 181 ba. Da yawa gida suka zauna. Jihar da ke da masu rajista sama da miliyan ɗaya da rabi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka fito. Lissafina bai tanadi gurbin mutumin da zai ce shi ba ya yin kowa ba.

Abin da ya rage wa Kawu na riƙewa shi ne, ƙuri'un nan 146,977 sun haura kashi 25 cikin ɗari, kuma tsarin mulki yana neman ɗan takara ya samu hakan a kashi biyu cikin uku na jihohi. Wato ko da aka kayar da mu, Gombe ta shiga cikin jihohin da suka cika wa Tinubu sharaɗi. Da asubahin 1 ga Maris shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, mutumin Bauchi, ya bayyana shi a matsayin wanda ya ci. Kawu ya yi murna, amma bai neme ni ba, ni ma ban kai kaina ba.

Da labarin ya tsaya a nan, da na ce jama'a sun juya wa jam'iyya baya, shi ke nan. To sai ga zaɓen gwamna, wanda aka ɗaga daga 11 zuwa 18 ga Maris. Na koma akwatin nan dai, tabarmar nan dai, fuskokin nan dai. Wannan karon tarin tsintsiya ne ke tashi. Inuwa Yahaya ya samu 342,821, Jibrin Barde na PDP 233,131. Cikin mako uku tsintsiya ta tashi daga dubu 146 zuwa dubu 342. Wasu za su ce ai a tsakani Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo, zuciya ta ɗan yi sanyi. Wataƙila ya taimaka. Amma ni ban yarda hukuncin kotu ne ya juya mutum dubu ɗari biyu ba.

Daren nan na koma kan jan littafi, na yi abin da ya kamata in yi tun Janairu: na rubuta zaɓen gwamna kusa da na shugaban ƙasa, shekara bayan shekara. A 2011 Buhari ya ci Gombe a CPC, amma Ibrahim Hassan Dankwambo na PDP ya zama gwamna. A 2015, da guguwar canji ke tumɓuke bishiyoyi a duk Arewa, Buhari ya ci Gombe da rata mai yawa, bayan mako biyu mutanen nan suka mayar da Dankwambo, suka kayar da Inuwa. Maƙwabtanmu na Bauchi, waɗanda daga jikinsu aka yanke mu a 1996, sun yi irinta a 2019: suka ba Buhari 798,428, Atiku 209,313, sannan suka juya suka sauke gwamnan tsintsiya, M. A. Abubakar, suka ɗora Bala Mohammed na lema. Ko a ranar 25 ga Fabrairun ma, Gombe ta Tsakiya ta mayar da Danjuma Goje majalisar dattawa a tsintsiya, mu a Gombe ta Arewa muka tura Dankwambo a lema. Ashe 2019, shekarar da na gina dukan lissafina a kanta, ita ce baƙuwa a cikin jerin, shekarar da sama da ƙasa suka zo ɗaya. Mutumin Gombe ya daɗe yana raba takardunsa. Wanda yake so a Abuja daban, wanda yake so a gidan gwamnati daban, kuma tambarin da suka rataya bai dame shi ba kamar yadda ya dami irin su Kawu. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Buhari ne miyar, ni kuwa na zauna ina ƙirga malmala.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, alƙaluman nan duk suna nan a fili tun kafin in fara. Ban ɗauko su ba ne saboda na riga na san amsar da Kawu yake so, na kuma zaɓi lambobin da za su kai ni can. Ɗalibi ya yi mini haka a jarrabawa, jan biro zai sha.

Bayan sallar azumi na je gaishe da Kawu. Muka taɓa hira, bai ta da maganar ba sai da na miƙe zan tafi. Ya ce, "Malam, littafin nan naka yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "To ka adana shi. In 2027 ta zo, ka fara kai wa Dada ta duba maka kafin ka kawo mini."